Fuskoki 240, Amma Mahaifiyata Ba Ta Gane Kanta Ba

Wasiƙar da na zaɓa a wannan makon gajera ce, ga abin da ke cikinta:

"Malama, ina gaisuwa. Wata takwas ke nan ina zana fuska ɗaya kowace rana, ban tsallake ko kwana ɗaya ba. Na ƙirga, sun haura 240. Yawanci hotunan da nake samu a waya nake kwaikwaya, kuma kowace fuska takan ci min awa ɗaya zuwa biyu. A watannin farko ina ganin canji, yanzu kuwa ji nake kamar baya nake komawa. Duk fuskokin sun zama kamar 'yan gida ɗaya. Makon jiya na zana mahaifiyata, dare uku na yi a kai, na kai mata. Ta yaba, ta sa min albarka, sannan ta tambaye ni wace ce. Tun ranar ban sake ɗaukar fensir da daɗin rai ba. Na haɗo miki hotunan shafuka goma sha biyu. Don Allah ki faɗa min gaskiya: baiwar ce ba ni da ita, in haƙura?"

Ƙanwata, na gode da kika amince da ni, don na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya buɗe wa baƙo littafin zanensa. Tunda gaskiya kika nema, ga ta: kada ki haƙura. Ba lallashinki nake yi ba. Na daɗe ina kallon shafukan nan, kuma abin da na gani kuskure ɗaya ne da kika yi ta maimaitawa, kuskuren da aka san shi, aka kuma san maganinsa.

Hannunki ya zauna. Layinki ba ya rawa, kin iya sarrafa nauyin fensir, har ɗan ƙyallin nan na cikin ƙwayar ido kina bar masa gurbinsa. Amma ɗauko shafukan mu duba tare. A tara daga cikinsu idanu sun hau sama, goshi ya tsuke, ƙoƙon kai ya yi kamar an danne shi da tafin hannu. Duk sha biyun gaba suke kallo, babu wadda ta waiwaya, babu wadda ta sunkuya. Sannan a kowane shafi idon hagu ya fi komai duhu, takardar da ke kewaye da shi kuma ta fi ko'ina shan magogi. Wannan ya nuna mini daga nan kike farawa. Sai kin gama ido ɗaya tsaf, har gashinsa, sannan ki shiga nemo wa sauran fuskar mazauni a gefensa. An ce garin neman gira a rasa ido. Ke kuwa garin ƙawata ido ne kan gaba ɗaya ya kuɓuce miki.

Kusan duk mai koyo ta nan yake bi, kuma da dalili. In muna magana da mutum, idonsa da bakinsa muke kallo, goshi da gashi ba su dame mu ba. To in muka zo zane sai mu ba abin da muka saba kallo fili mai yawa, mu matse sauran. Ki gwada yau: tsaya gaban madubi, kanki a miƙe, ki auna da fensir daga tsakar ka zuwa layin idanu, sannan daga layin idanu zuwa ƙarshen haɓa. Za ki tarar kusan tsawo ɗaya ne. A tsakiyar kai ido yake zaune. Mutane da yawa ba sa yarda sai sun auna da hannunsu.

Akwai wani gwaji da nake so ki sani, don zai rage miki zargin kanki. A 1980 Peter Thompson, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar York da ke Ingila, ya ɗauki hoton Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta lokacin, ya juya idanunta da bakinta sama-ƙasa, sannan ya kife hoton gaba ɗaya. Muddin hoton yana kife, mai kallo da ƙyar yake ganin wani aibu. Da zarar an miƙar da shi sai fuskar ta zama abin firgita. Ƙwaƙwalwarmu tana da hanyarta ta musamman ta karanta miƙaƙƙiyar fuska: a dunƙule take haɗiye ta, ba ta tsayawa awo. Shi ya sa cikin ƙiftawar ido take gaya miki "wannan ba Mama ba ce", amma ba ta nuna miki inda aka kauce. Kuma ita ce ke riƙe da wani ido na haddace, da wani hanci na haddace, ta miƙo miki su duk lokacin da kika ɗaga kai daga abin da kike kwaikwaya. Fuskokinki sun zama 'yan gida ɗaya ne saboda daga wannan haddar aka haife su duka. Saboda wannan ne Betty Edwards, a littafinta na koyar da zane na 1979, take sa masu koyo su kife zanen da Picasso ya yi wa mai tsara kiɗa Igor Stravinsky su kwafe shi a kife. In ƙwaƙwalwa ta kasa cewa "ga hanci", dole ta koma cewa "ga layi, ya karkata haka, ya tsaya a nan". Ki yi wannan da hoto ɗaya a makon nan, ki ga abin da zai fito.

Yanzu ga aikin da nake so ki sa gaba. Wata guda cur, ki daina zana fuska, ki koma zana kai.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Andrew Loomis, mai zane ɗan Amurka, wadda ya shimfiɗa a littafinsa na 1956 kan zanen kai da hannuwa. Ki fara da ƙwallo, wato ƙoƙon kai. Ki yanke gefensa biyu kaɗan, tunda kan mutum a shafe yake ta wajen kunnuwa. Ki zagaye ƙwallon da layi ɗaya a kwance, nan gira za ta zauna. Ki sauko da wani layin a tsaye ta tsakiyar fuska. Inda layukan nan biyu suka haɗu, wato tsakanin gira da gira, shi ne mabuɗin komai: in mahaɗar ta matsa hagu kai ya juya hagu, in ta yi sama kai ya ɗaga, in ta yi ƙasa ya sunkuya. Daga nan ki raba fuska uku: mafarin gashi zuwa gira, gira zuwa ƙasan hanci, ƙasan hanci zuwa haɓa. Wannan rabon ya girmi Loomis nesa ba kusa ba, Vitruvius magini na zamanin Rumawa ya rubuta shi, Leonardo da Vinci ma ya yi aiki da shi. Kunne yana zama tsakanin layin gira da layin hanci, kuma ya fi komawa baya fiye da yadda ake zato. Sai ki rataya muƙamuƙi daga gaban kunne zuwa haɓa. Shi ke nan. Ba ido, ba gashi, ba inuwa. Minti biyu ko uku sun isa kowane kai, ki cika shafi da goma, kowane na kallon wani waje: wani sama, wani ƙasa, wani ya ba ki kunne, wani ya kusa ba ki ƙeya.

Shafukan nan ba za su yi kyan gani ba, kuma na san hakan zai yi miki nauyi bayan kin saba gama rana da abin nunawa. Ki daure. A nan ne hannunki zai koyi cewa kai abu ne mai gaba da baya da gefe, ba faifai ba.

In kin samu hoton ƙoƙon kan mutum, ki zauna da shi 'yan kwanaki. Ƙasusuwa 22 ne, kuma a cikinsu muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi. Ki lura da zurfin kwarmin ido, da yadda ƙashin gira ya yi masa rumfa, da inda ƙashin kunci ya tasa ya miƙe zuwa kunne. Shi kansa ido ƙwallo ne mai faɗin kusan milimita 24, mafi yawansa a ɓoye cikin kwarmi. Fatar ido lulluɓe shi take yi, tana da kauri, ta sama kuma tana jefa 'yar inuwa a kan ƙwayar. Leɓɓa ma a kan lanƙwasar jerin haƙora suke kwance, shi ya sa in kai ya juya, rabin bakin da ke nesa yake gajarta. Ranar da kika fara ganin waɗannan, za ki daina zana ido kamar ganye da aka liƙa a bango.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma a kansa nake so in daɗe, don shi ne ainihin amsar tambayar da mahaifiyarki ta yi miki. Waɗannan awo duka na matsakaicin mutum ne, kuma babu wanda yake matsakaicin mutum. In kika tsaya a kansu za ki sake haifo 'yan gida ɗaya, sai dai wannan karon masu daidaitaccen goshi. Kama da wane ba ta wane. Amfanin awon shi ne ya zame miki ma'auni da za ki ga inda wannan mutumin, shi kaɗai, ya saɓa. Wata goshinta ya fi kashi ɗaya cikin uku. Wani tazarar hancinsa da leɓensa gajera ce ƙwarai. An ce tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne, amma wata nata sun fi haka kusanci, kuma wannan kusancin shi ne ita. Kamanni a cikin saɓanin nan yake zaune.

Ki tuna yadda kike gane mahaifiyarki daga nesa, da magariba, tun kafin ki ga ƙwayar idonta. Me kike gani a lokacin? Siffar kanta, yadda wuya ya ɗauke shi, faɗin kunci idan aka gwada da haɓa, da duhun da ke kwarmin idanu da ƙarƙashin hanci. Da waɗannan kike cewa "ga Mama can". Su ya kamata su fara sauka a takarda. In suka zauna daidai, ko ba ki zana gashin ido ɗaya ba za a gane ta. In suka kauce, ko dare goma kika yi kina gyaran leɓe ba za ta fito ba.

Yadda ake kama su kuwa, da awo ne. Ki miƙe hannunki sosai, gwiwar hannu ba lanƙwasa, ki rufe ido ɗaya, ki ɗauki tsawo ɗaya da fensir da babban yatsa, misali daga gira zuwa ƙasan hanci. Da shi za ki gwada komai: sau nawa ya shiga faɗin fuska, sau nawa ya shiga tsawon kai. Ki riƙe fensirin a tsaye ki ga me ke ƙarƙashin me. In aka sauko daga kusurwar ido ta ciki, a gefen hanci ake faɗawa ko a wajensa? Ƙarshen baki yana daidai ƙwayar ido ko bai kai ba? Ki kwantar da shi ki ga ko ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauka, don yawancin fuskoki ɓangarorinsu biyu ba daidai suke ba, kuma mai koyo yakan "gyara" wannan ba da saninsa ba, ya goge mutumin tare da gyaran. Duk wannan da layi marar nauyi, da fensir irin HB ko H, yadda gogewa ba za ta yi miki ciwo ba. Fensir mai duhu, 4B ko 6B, ya jira sai ƙarshe.

Maganar haske a taƙaice. Hotunan da kike kwaikwaya yawancinsu an wanke su da haske ta ko'ina, an kuma bi su da manhajar gyaran fata, babu inuwar da za ta nuna miki tudu da kwari. Wanda aka ɗauka da waya dab da fuska kuma yakan kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa. Ki nemi fitila ɗaya ko taga ɗaya, haske ya zo ta gefe, daga ɗan sama. Ki kanne idanunki har ƙananan abubuwa su ɓace, sai haske da duhu kawai su rage. Ki zana iyakar duhun a matsayin siffa ɗaya, ki cike ta da launi ɗaya. Kuma ki rage murza fensir da yatsa. Na ga alamarsa a kumatun da kika zana, ya sa duk sun yi sumul kamar roba, ƙashi ya ɓace. Ko fatar mai duhu ce, ba a cika takarda da baƙi don a nuna ta. Ƙyallin da ke kan goshi, da karan hanci, da tudun kunci shi ke fitar da ita.

Game da zanen kullum: naci irin naki abu ne da mutane da yawa suke nema ba su samu ba, kada ki raina shi. Amma yawan kwanaki kaɗai ba ya koyar da hannu. Binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, kan masu koyon goge irin na Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin, ya ja hankali ne kan irin atisayen da ake yi da niyya: mutum ya ware abin da bai iya ba, ya yi ta fama da shi, ya ga kuskurensa, ya sake. Ke kuwa wata takwas kina komawa wurin da kika riga kika iya, don nan ne ke da daɗi. Da ni ce ke, bayan watan kawunan nan, awar nan haka zan kasa ta: kashin farko kawuna masu sauri, na tsakiya abu ɗaya tak da ke ba ni wahala, a ce hanci daga ƙasa ko kunne, in yi mako guda a kansa, sauran lokacin kuma fuska ɗaya da awo. Sannan minti biyar na ƙarshe, waɗanda sun fi duk sauran daraja: ki ɗaga zanen gaban madubi. Karkatar da idonki ya saba da ita har ya daina gani za ta fito fili nan take. In daga hoto kika yi, ki ɗora takarda mai shara-shara a kan hoton ki bi manyan layukansa, ki aza a kan zanenki ki ga inda suka rabu. Ki rubuta kuskure ɗaya a gefen shafin da kalmomi, kamar "haɓa ta yi tsawo", ko "na sake ɗaga idanu". Gobe da shi za ki fara.

Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holland, yana da shekara 27 ya ɗauki zane gadan-gadan, a 1880, kuma da kwafar darussan zane na Charles Bargue ya fara, ya bi su ya sake bi. A hunturun 1884 zuwa 1885, a ƙauyen Nuenen, ya ɗora wa kansa zana kawunan manoma ɗaya bayan ɗaya, gommai, kafin ya yi zanensa na masu cin dankali a 1885. Kawunan nan atisaye ne, yana neman yadda ƙashi da haske suke aiki a fuskar da rana da wahala suka taɓa. Rembrandt kuma, shi ma mai zane ɗan Holland, a wajen 1630, madubi ya sa gaba yana zana kansa yana dariya, yana ɓata rai, yana zare ido. Ke ma kina da wannan mai zaman a gida, wato ke kanki a madubi, ba ya gajiya, ba ya cewa kin munana shi. Aƙalla sau biyu a mako ki ajiye waya ki zana daga madubi ko daga mutum mai rai. Hoto ya riga ya baje miki kai a kan shafi. Mutum mai rai kuwa ke za ki baje shi, kuma a nan ake koyo.

Ƙirgar kwanakin nan ma, ina jin ta fara zame miki kaya. Wanda ke tsoron yanke jeri yakan zaɓi abin da ya tabbata zai gama da kyau kafin barci, ya guji abin da zai iya kasawa. In kin gaji ki huta kwana ɗaya, ba abin da zai zube. Ki kuma samu littafi na biyu wanda ba mai ganinsa, ba a ɗaukar hotonsa, ba a sa shi a intanet. Abin da kike gani a shafukan wasu zaɓaɓɓe ne daga cikin tarin da ba su nuna ba, bai kamata ki auna atisayenki da shi ba. In kina son sanin ko kina gaba, ki zaɓi hoto ɗaya mai haske ta gefe, ki zana shi ranar ɗaya ga kowane wata, ki rubuta kwanan wata, ki ajiye ba tare da kin dubi na baya ba. Bayan wata huɗu ki jera su. Tsakanin jiya da yau ba a ganin komai, tsakanin wata da wata ake gani.

Jin da kike yi kamar kina komawa baya kuwa, na gwada shafinki mafi tsufa da mafi sabo, kuma sabon ya fi. Abin da ya canza shi ne yanzu kina ganin aibin da a wata na biyu ba kya gani. Da kika kai wa mahaifiyarki zanen nan, ina kyautata zaton tun kafin ta yi magana wani abu a ranki ya riga ya gaya miki bai zauna ba. Wannan idon da ya gaya miki, shi ne abin da kike tambaya ko kina da shi.

Kada ki yaga zanen nata, ki rubuta masa kwanan wata ki adana. Bayan watan kawunan nan, ki roƙe ta ta zauna miki minti ashirin kusa da taga, ta ɗan juya kaɗan, ba gaba sak ba. Ki bar ta ta yi hira in tana so, don fuskar uwa a cikin magana ta fi zama tata fiye da lokacin da ta ƙame wa hoto. Minti biyar na farko kada ki taɓa takarda, ki dube ta kawai, ki tambayi kanki abu uku da suka bambanta kanta da ƙwallon Loomis. Sannan ki fara daga siffar kai da wuya, ki sa duhun kwarmin idanu, ki bar ƙwayar ido sai ƙarshe, ko ma ki bar ta sai zama na biyu. In kin yi, ki turo mini shi tare da na farkon, ina so in gan su gefe da gefe.